Darasi na 8: Matsalar Wuta a Ƙaramar Mota Ta Hannu

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda wuta take zagayawa a cikin mota;
2. gane alamomin da ke nuna inda matsala take;
3. karanta mitar awon wuta da yin ɗan lissafin da ke tattare da ita;
4. yi wa mai rewaya bayanin da zai taimaka masa;
5. duba wutar mota kafin ya biya kuɗinta.

Gabatarwa

Mafi yawan ƙananan motocin da ke kan titunan Kano da Kaduna da Maraɗi ba sababbi aka saye su ba. Tokumbo ne, sun yi shekaru a hannun wasu a Amurka ko Kanada ko Turai, sannan jirgin ruwa ya sauke su a Apapa ko Tin Can ko Kwatano. Wasu kuma sun bi hannu biyu ko uku a nan gida. Injin irin waɗannan motoci yakan jure, amma abin da masu su suka fi kuka da shi wuta ce: yau mota ta ƙi tashi, gobe gilashi ya maƙale, jibi fitilar dashbod ta kama.

Za mu ɗauki Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2009 a matsayin misali, saboda yawanta a hannun ma'aikata da 'yan tasi. Abin da za mu koya ya shafi sa'o'inta irin su Honda Civic da Volkswagen Golf.

Ƙa'idar darasin guda ɗaya ce: a auna kafin a saya, kuma a fara daga abu mai araha kafin a kai ga mai tsada. Kuɗi da yawa suna salwanta wajen sayen sabon batir ko burenbos (kwamfutar mota), alhali noti ɗaya ne ya kwance.

1. Yadda wuta take zagayawa

Ka ɗauki wutar mota kamar ruwan gida. Batir shi ne tanki, altaneta ita ce famfon da ke cika shi, wayoyi su ne bututai. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, amfiya kuma yawan ruwan da ke wucewa.

Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna shida, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, jimla 12.6. Babban aikinsa shi ne juya kik har inji ya tashi. A wannan ɗan lokaci kik yana jan sama da amfiya 100. Da zarar inji ya kama, altaneta ce take ɗaukar nauyin komai, fitilu da AC da rediyo da fanka, tana kuma mayar wa batir abin da aka ciro daga gare shi. Bel ne yake juya ta daga inji.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Wuta ba ta aiki sai ta fita ta dawo. Tana fita daga kan batir mai alamar tarawa (+), ta bi ta fis, ta isa abin da za ta kunna, sannan ta komo ta jikin ƙarfen motar zuwa kan batir mai alamar ɗebewa (−). Wayoyin da suka haɗa batir da bodi da inji su ake kira as. Idan as ta yi tsatsa ko ta kwance, hanyar dawowa ta toshe ke nan, ko da batir sabo ne fil.

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya narke idan wuta ta wuce ƙima, kafin waya ta ɗau zafi. Burenbos kuwa ita ce kwamfutar da ke karɓar bayani daga sensoshi, tana tsara yawan mai da lokacin da filogi zai ba da wuta.

2. Me ya sa motar hannu ta fi fama da wuta?

Dalili na farko shi ne inda ta fito. A Kanada da arewacin Amurka da Turai ana zuba gishiri a kan titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara. Gishirin nan yana cin ƙarfe, yana kuma shiga mahaɗin wayoyi. Wasu motocin kuma ambaliya ce ta shanye su, kamar yadda ya faru a guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a birnin Houston a 2017. Kamfanonin inshora sukan yi gwanjon irin waɗannan motoci, a wanke su, a fitar da wasunsu zuwa ƙasashen waje. Motar da ta sha ruwa takan yi watanni lafiya lau, sannan tsatsar da ke cikin soket ta fara nuna kanta.

Dalili na biyu shi ne yanayinmu. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato, ƙarƙashin bonet kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana busar da robar waya har ta tsattsage. Shi ya sa da wuya batir ya wuce shekara biyu zuwa uku a nan. Zafin bazara ne yake cinye shi, sanyin hunturu ya tona asirinsa da asuba. Ga ƙura, ga gargadar hanya mai kwance notuna, ga ɓeraye masu gaigayar waya idan mota ta daɗe a ajiye.

Dalili na uku shi ne hannun mutane. An ƙara manyan lasifikoki, an sa na'urar bin sawun mota, an haɗa fanka kai tsaye tana aiki ba hutu, an yanka waya an murɗe ta da hannu an naɗe da salatif. Kowane irin wannan haɗi wuri ne da matsala za ta iya ɓulla.

Akwai kuma lahanin da ya taho tun daga kamfani. A watan Agustan 2010 Toyota ta yi kiranyen motoci sama da miliyan ɗaya a Amurka, Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008, saboda tsagewa a cikin burenbos da kan sa inji ya mutu ana cikin tafiya ko ya ƙi tashi. A watan Oktoban 2012 ta sake kiranyen motoci miliyan 7.43 a faɗin duniya, ciki har da Corolla da Yaris da Camry, saboda makunnin gilashi na ƙofar direba da kan maƙale har ya yi zafi ya fitar da hayaƙi. Ba kowane mai mota ne ya kai tasa aka gyara ba, kuma wasu daga cikin waɗanda ba a gyara ba sun iso hannunmu.

3. Ƙorafe-ƙorafe da abin da suke nufi

*"Ta ƙi tashi."* Kafin komai, saurara. Idan ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, wuta ce ba ta isa ba: ko batir ya yi sanyi, ko kansa ya kwance. Idan ƙas ɗaya tak ka ji, zargi ya fi karkata ga kik. Idan shiru ka ji, duba giya: a mota mai otomatik mayar da ita P ko N ka sake gwadawa. Idan kuma inji yana juyawa sosai amma bai kama ba, to batir da kik sun fita daga zargi, sai a duba famfon mai da koyil da makullin kansa, domin wasu makullan suna da ɗan guntun lantarki a ciki wanda mota ba ta tashi sai ta gane shi.

Ga gwaji mai sauƙi. Kunna manyan fitilu, wani ya murɗa makulli kana kallo. Idan hasken ya dushe sosai, matsalar tana wajen batir ko kansa. Idan hasken bai motsa ba kuma kik bai juya ba, wutar ba ta isa kik ba ne. Kada a riƙe makulli ana juya kik fiye da daƙiƙa goma a lokaci guda.

*"Batir yana kwana ya mutu."* Abu uku ne: batirin ya tsufa, ko altaneta ba ta caji, ko wani abu yana shan wuta bayan an kashe mota. Fitilar but da ba ta mutuwa, da rediyon da aka haɗa kai tsaye, da na'urar bin sawu, su ne aka fi kamawa. Dayod ɗin altaneta idan ya ƙone shi ma yakan tsotse batir cikin dare.

*"Alamar batir ta kama ina tafiya."* Wannan jar fitila ba cewa take batir ya lalace ba, cewa take caji ya tsaya. Motar tana tafiya ne da abin da ya rage a batir. Kashe AC da rediyo, ka sami wuri ka tsaya, ka duba bel. Idan ya tsinke, kada ka ci gaba, domin a Corollar da muka ɗauka misali bel ɗin da ke juya altaneta shi ne ke juya famfon ruwa, inji zai ɗau zafi nan da nan.

*"Fitilu sun rikice."* Ka taka birki sigina ta kama, ko ka kunna sigina fitilar baya ta riƙa lumshewa. Wannan aikin as ne: wuta ta rasa hanyarta ta dawowa, sai ta bi ta wani ƙwan. Idan kuma sigina tana ƙiftawa da sauri fiye da yadda ta saba, galibi ƙwai ɗaya ne ya ƙone a wannan ɓangaren.

*"Gilashi ya ƙi hawa."* Idan dukkan gilasan ne suka tsaya, duba fis da babban makunnin direba. Idan guda ɗaya ne, duba makunninsa da ɗan injin da ke ɗaga shi da wayoyin da suka ratsa tsakanin ƙofa da bodi, domin buɗewa da rufewa na shekaru yana karya su a cikin robar da ta lulluɓe su.

*"Fis yana ta ƙonewa."* Fis ba ya ƙonewa haka kawai. Akwai wayar da ta feɗe tana taɓa ƙarfe, ko an ɗora wa layin abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya maye gurbin fis da guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli, ko ya sa na 30 a gurbin na 10, ya cire mai gadi ne, kuma haka gobarar mota take farawa. Launi yana nuna ƙarfin fis: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Corolla tana da akwatin fis biyu, ɗaya a ƙarƙashin bonet kusa da batir, ɗaya a ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba, kuma akwai zanen da ke nuna aikin kowane fis.

*"Alamar inji ta kama."* Kada a yi canke. Tun daga 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. A Turai dokar ta kama motocin fetur daga 2001. Na'urar tana fitar da lamba. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana fashin wuta, P0562 na nufin wutar mota ta yi ƙasa. Lambar tana nuna unguwar da matsala take, ba ta cewa ga abin da za a saya. Goge lamba kuma ba gyara ba ne.

4. Awo da mita

Mitar awon wuta ba ta da tsada, ana samunta a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Juya ta zuwa DC 20, jar waya a kan (+), baƙa a kan (−).

Mota a kashe, bayan ta huta na wasu sa'o'i:
- 12.6: batir a cike yake
- 12.4: saura kimanin kashi uku cikin huɗu
- 12.2: saura kimanin rabi
- ƙasa da 12.0: yana buƙatar caji nan take

Lokacin da ake juya kik: kada ya sauka ƙasa da 9.6.

Inji yana aiki: tsakanin 13.5 da 14.7. Idan ya tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta ba ta caji. Idan ya haura 15, tana cajin da ya wuce kima, za ta dafa batir ta ƙona ƙwayaye.

Don gwada as, sa waya ɗaya a kan batir (−), ɗayar a jikin ƙarfen inji, a juya kik. Abin da mita za ta nuna bai kamata ya kai rabin bolt ba. Idan ya kai, a kwance wayar as, a kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau.

Neman abin da ke shan wuta cikin dare aikin mai rewaya ne, amma ya kyautu ka san yadda ake yinsa. Zai cire kan (−), ya sa mita a tsakani a kan awon amfiya, ya jira kamar rabin sa'a har kwamfutocin mota su yi barci. Abin da ya rage bai kamata ya wuce 0.05 ba. Idan ya wuce, sai ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka zare lambar ta faɗi, a layinsa ɓarawon yake.

Ɗan lissafi. Wat a raba da bolt, shi ne amfiya. Ƙwan but mai wat 5: 5 ÷ 12 = 0.42. A sa'a 24 zai sha kusan 10Ah daga batir mai lamba 60Ah. Cikin kwana uku rabin batirin ya tafi, ƙila kuma motar ta ƙi tashi.

5. Kiyaye lafiya

- Wajen cire batir, fara da kan (−). Wajen mayarwa, shi ne na ƙarshe.
- Cire zobe da agogon ƙarfe. Kada sifana ta taɓa kawunan batir biyu lokaci guda.
- Batir yana fitar da iska mai kama wuta. Ba sigari, ba ashana a kusa da shi.
- Ruwan batir asid ne. Idan ya taɓa ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa, a nufi asibiti idan ido ne.
- Idan batir mai murafu ne kuma ruwansa ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan famfo ba.
- Farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir, a wanke shi da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, a kula kada ya shiga cikin batirin, a goge, a ɗaure, a shafa ɗan giris. Kan batir da ya yi yawa canza shi ake yi, ba cusa ƙusa ba.
- Kada a cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada altaneta. Wutar takan yi tsalle ta ƙona burenbos. Mita ce ke yin wannan gwaji.
- Wajen ɗaukar wuta daga wata mota: ja a (+) na mataccen batir, ɗaya bakin jan a (+) na mai rai, baƙa a (−) na mai rai, bakin ƙarshe a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir.
- Wayoyi da soket masu launin rawaya na jakar iska ne. Kada a taɓa su.
- Kada a fesa wa inji ruwa mai ƙarfi a wurin wanki. A ajiye abin kashe gobara a mota.

6. A garejin rewaya

Ɗalibai biyu su karanta wannan hira.

Mai mota: Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malam.

Rewaya: Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Alhaji. Me ya same ta?

Mai mota: Kullum da safe sai an ba ta wuta. Idan ta tashi kuma, wuni take yi lafiya.

Rewaya: Tun yaushe ta fara, ranka ya daɗe?

Mai mota: Tun makon da aka sa mata sabuwar rediyo. Wani ya ce in sayi batir, shi ne na ce bari a auna tukuna.

Rewaya: Ka kyauta. Ga shi, tana aiki 14.1, caji lafiya lau. Bari in kashe ta in ga abin da take sha. To, Alhaji, ka ga 0.6? Da na zare fis ɗin rediyo kuma ya faɗo 0.03.

Mai mota: Ashe ba batir ba ne.

Rewaya: A'a. Wanda ya sa rediyon ne ya haɗa ta da layin da ba ya mutuwa. Zan mayar da ita layin makulli, in liƙe haɗin da dalma. Batirin caji kawai yake so.

Lura da abin da mai motar ya kawo: lokacin da abin yake faruwa, ranar da ya fara, da aikin ƙarshe da aka yi wa motar. Waɗannan ukun sukan rage rabin wahalar bincike. Idan aka ce maka burenbos ce, nemi a nuna maka cewa an duba batir da as da fis da soket tukuna, kuma duk abin da aka canza ka karɓi tsohonsa.

7. Kafin ka biya kuɗin mota

Ba a fafe gora ranar tafiya. Je da rana, tare da mai rewayar da kai ka zaɓa, ba na dillali ba.

1. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Alamar inji da ta batir da ta mai da ta ABS da ta jakar iska su kama duka, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne don a ɓoye laifi.
2. Gwada kowane makunni: gilasai, hon, abin share gilashi, AC, fitilu.
3. Ɗaga kafet ka shinshina. Warin danshi, busasshen taɓo a lungun but, tsatsa a notunan kujera, duk alamun ruwa ne.
4. Leƙa ƙarƙashin sitiyari. Yawan salatif yana nuna yawan hannun da ya shiga.
5. Auna batir da caji, a jona na'urar bincike.
6. Kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba. Idan motar daga Amurka take, shafin intanet na hukumar NHTSA yana nuna ko akwai kiranyen da ba a gyara ba.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin altaneta, mene ne na batir?
2. Mota tana aiki, mita ta nuna 12.1. Me wannan yake nufi?
3. Kawo dalilai uku da ke sa batir ya kwana ya mutu.
4. Me ya sa bai dace a sa waya a gurbin fis ba?
5. Manyan fitilu biyu, kowacce wat 55. Amfiya nawa suke ja a bolt 12?
6. Wane kan batir ake fara cirewa?

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya sami mota ɗaya da izinin mai ita, ya auna batirinta a kashe, da lokacin juya kik, da lokacin da inji yake aiki. Ku rubuta lambobin uku a littafi, ku nemo akwatin fis ku zana shi, ku kawo sakamakon aji mai zuwa a tattauna.